Yaran Adar da ciwon da ba ya fitar da jini

Ranar Lahadi 21 ga watan Maris na shekarar 2021, waɗansu ƴan bindiga bisa babura suka faɗa wa Intazayan da Bakorat da Wistan, cikin gundumar Tiliya, a arewacin jihar Tawa. Gwamnati ta bayyana cewa mutum 137 suka rasa rayukansu, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce akwai yara 22 cikin mamatan, masu shekara 5 zuwa 17. An ƙirga waɗanda suka mutu, an yi musu sutura. Sauran yaran kuwa, waɗanda suka ga abin da idanunsu kuma Allah ya yi musu gyaɗar dogo, suka bi iyayensu zuwa wasu garuruwa da lafiyar jikinsu, kowa ya yi hamdala.

To, amma lafiyar jiki ba ita kaɗai ba ce lafiya. Likitoci sun daɗe da sanin yadda firgita take bayyana ga ƙaramin yaro, tun da shi ba ya da kalmomin da zai faɗe ta. Yaron da ya daina fitsarin kwance tuntuni sai ya koma yi. Wani ya riƙa zabura cikin barci yana kuwa. Wata ta manne wa zanen uwarta, ko bayan gida ba ta yarda a tafi a bar ta. Wani ya yi shiru ƙwarai, har a riƙa yaba masa da natsuwa. Akwai mai kukan ciwon ciki ko ciwon kai wanda awo bai nuna komai ba. Ga saurayi ko budurwa kuma abin yakan fito da wata kama: faɗa, ƙin lakwal, yawon dare, ko shan ƙwayar Taramol wadda ta zama ruwan dare a tashoshin mota da bakin kasuwanni.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance na ƴan gudun hijira ne kaɗai. Gaskiya ne arewacin jiharmu ya sha wuya: ƴan Mali sun soma kwararowa tun 2012, an kai hari Tazalit a 2016, an kai Intikan a 2020, kuma an rufe makarantu da dama saboda rashin tsaro. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya, yaro ɗaya cikin bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta hankali, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna somawa kafin shekara 14. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, lissafin ya shiga gidan ɗan kasuwa da gidan ma'aikaci, ba ya tsaya a sansani. Mutuwar uwa, sakin aure, kishi tsakanin ɗakuna, dukan da ya wuce kima, faɗuwa jarrabawa sau biyu: kowanne yana iya karya zuciyar yaro ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba.

Magani da baki

Jinyar da ake yi wa irin waɗannan yara mafi yawanta ba ta allura ba ce. Masanin halayyar ɗan Adam, ko ma'aikacin lafiya da aka horar, yakan zauna da yaro sau ɗaya a mako, na tsawon makonni. Ƙarami ana ba shi takarda da alkalami mai launi, ko laka, ko ƴar tsana, domin abin da bakinsa ya kasa faɗi hannunsa yakan zana shi. Babba ana hira da shi. Ana koya masa ya san sunan abin da yake ji, ya san yadda zai sassauta numfashinsa in gabansa ya soma faɗuwa, ya gane cewa laifin abin da ya auku ba nasa ba ne, domin yara da yawa suna ɗora wa kansu alhakin mutuwar wani ko rabuwar iyayensu. Bayan haka ne, sannu a hankali, ake taimaka masa ya ba da labarin abin da ya gani, guntu-guntu, har tunawa da shi ta daina kayar da shi.

Wani zai ce wannan ai aikin Nasara ne, na masu kuɗi da lokaci. An jarraba shi a Afirka. A Lusaka, babban birnin Zambiya, an yi wani bincike da aka buga a 2015 kan yara 257 masu shekara 5 zuwa 18, marayu da waɗanda suka ga tashin hankali. Waɗanda suka yi musu jinyar ba likitoci ba ne, mutanen gari ne da aka horar ana kuma bin sawun aikinsu. Alamun firgita sun ragu da kimanin kashi 82 cikin ɗari ga yaran da suka sami wannan jinya, ga sauran kuwa da kashi 21 kawai. A 2023 kuma OMS ta fitar da wani tsari mai suna EASE domin yara masu shekara 10 zuwa 15: zama bakwai da yaran a ƙungiya, da zama uku da masu riƙonsu.

Waɗannan zama uku su ne abin lura. Mai jinya yana ganin yaro awa ɗaya a mako, sauran awoyi 167 yaron yana gida. In aka koya masa natsuwa ranar Talata, ya koma gida ya jiƙa tabarma da dare, aka tashe shi da bulala ana kiran ƴan'uwansa su yi masa dariya, to an yi aikin baban giwa. Sabili da haka ake zaunar da iyaye a bayyana musu cewa yaron ba da gangan yake yi ba, a nuna musu amfanin lokacin barci da na abinci marar canzawa, da yabon yaro in ya yi daidai, da sauraronsa ba tare da an tsare shi da tambayoyi ba. Sau da yawa kuma a wurin ne ake gane cewa uwar ita ma ba ta barci, ita ma tana bukatar wanda zai saurare ta.

Wannan dabara ta jawo dangi cikin jinya ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, hasali ma daga nan duniya ta koyi wani sashe nata. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya soma sauke marasa lafiyar hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abekuta a Najeriya, kowanne tare da ɗan'uwansa mai kula da shi. A asibitin Fann na Dakar, zamanin likita Henri Collomb, aka kafa al'adar kwantar da majiyyaci tare da ɗan rakiya daga danginsa. Mu da muka karanta waɗannan sunaye cikin littattafan Faransanci mukan manta cewa abin da suka yi shi ne mayar wa asibiti abin da tsakar gida ta riga ta sani.

Wa zai raka yaron?

A nan ne Adar take da nata sha'ani. Littattafan da aka rubuta a Turai suna maganar uwa da uba zaune gaban likita, yaro a tsakiya. Amma kowa ya san da an gama girbi, maza da yawa na ƙasar Keta da Buza da Illela da ƙauyukan Tawa sukan tafi bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya ko Kamaru, kuma akwai waɗanda sai bayan shekara biyu ko uku ake ganinsu. Ma'aikacin gwamnati ma ana iya tura shi Difa ko Agadas ya bar iyali a gida. Uban yana aiko kuɗi, ba a ce bai yi ƙoƙari ba, amma ranar da yaro ya soma canza hali ba ya nan. Kuma sau da yawa matar ba ta da ikon kai yaro asibiti sai da izinin miji ko na surukai.

Ga kuma kunya. Uwa ba ta sakin jiki da ɗan farinta, ba ta ma kiran sunansa. Ma'aikacin da ya zaunar da ita ya ce ta rungume shi ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya nemi abin da tarbiyyarta ta hana. Ba za ta musa masa ba, za ta sunkuyar da kai ta ce to, kuma ba za ta dawo ba. Alhali kuwa cikin gidan akwai wadda al'ada ta buɗe wa ƙofa: kaka. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, tana ce masa mijina ko ta ce mata kishiyata, kuma a ɗakinta yaro yake ɓuya in an biyo shi da bulala. Bayan ta akwai gwaggo, akwai kawu, akwai wadda aka ba riƙon yaron tun yaye. A ganinmu tambayar farko da ya kamata mai jinya ya yi a Tawa ita ce: a ɗakin wa yaron nan yake kwana, kuma wa yake gaya wa magana? Wannan shi ne wanda za a zaunar. Uban da ke Abijan kuwa, tun da yau kusan kowane ɗan bida yana da salula a aljihu, ba abin da ya hana a sa shi cikin zaman ta waya, ko da domin ya ba da izini ya kuma ce a ajiye bulala.

Iskoki da farfaɗiya

Ba za a yi wannan zance a Adar a tsallake iskoki ba. Bori tsoho ne a ƙasar nan, har masaniyar nan ƴar Faransa Nicole Echard ta yi shekaru tana nazarinsa ta buga littafi a kansa a 1989. Yau ruƙiyya ta fi yawa a birni. Kuma duk mun ji labarin ƴan mata da ke faɗuwa rututu cikin aji a makarantun sakandare na ƙasar, abin da ƴan boko suke ce wa génie tchatcheur. Iyali da yawa wurin malami suke fara zuwa, kuma ma'aikacin lafiyar da ya yi musu izgili a kan haka ya rasa su har abada. Addu'a ba ta hana zuwa likita. Abin da ba shi da hujja shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turare mai shaƙe yaro, da mari a ƙafa.

Haɗarin da ya fi girma shi ne a bar ciwo mai magani ya daɗe. Misali farfaɗiya. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta miyau ko ta taɓa mai shi, kuma OMS ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suna sha a kai a kai. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobarbital, yana cikin mafi arha a famasi. Amma wani bincike da likitocinmu suka yi tsakanin malaman makarantun birnin Tawa, aka buga shi a 2020, ya nuna da yawa daga cikin malaman suna zaton ana ɗaukar ciwon. In mushe ya ja da baya ranar da yaro ya faɗi cikin aji, me za a ce wa ƴan ajin? Yaron nan yakan bar lakwal saboda gori kafin ciwon ya hana shi karatu, kuma gorin shi ma yana bukatar jinya, shi da iyayensa duka.

Hannuwa kaɗan

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna Yamai, inda sanannen sashen nan Pavillon E yake cikin babban asibitin ƙasa, fiye da kilomita 500 daga Tawa. A jihohi nauyin yana bisa ma'aikatan jinya da suka ƙware kan lafiyar hankali, irin waɗanda ake samu a babban asibitin jiha, CHR. A arewa kuwa, tsakanin waɗanda rikici ya raba da gidajensu, ƙungiyoyin agaji sun ɗauki babban kaso na aikin, da dandalin wasan yara da masu sauraron jama'a. Aiki ne mai kyau, aibinsa ɗaya: yana tafiya da kuɗin furoje, ranar da kuɗin suka ƙare a naɗe tabarma, yaro kuwa bai gama warkewa ba.

Tun 2008 OMS take da shirin mhGAP wanda manufarsa ita ce a koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti ya gane waɗannan cututtuka ya kuma yi maganin masu sauƙi, ya tura masu nauyi gaba. Nan ya kamata magabatan jiha su sa ƙarfi: a kowane CSI a sami mutum ɗaya da ya iya zama da yaro da kakarsa, a kowace makaranta a sami malami ɗaya da ya san alamun. Jinyar kyauta da aka kafa a 2006 ta tsaya ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, alhali waɗannan matsaloli sun fi fitowa fili bayan yaro ya shiga lakwal. Ƴan kasuwarmu da ke gina masallatai da rijiyoyi a garuruwansu, Allah ya saka musu, suna iya ɗaukar nauyin horar da mutum biyu ko uku da abin da bai kai kuɗin rijiya guda ba.

Kafin a kai can, akwai abin da bai kamata a jira ba. Yaron da halinsa ya canza fiye da wata guda, ya daina wasa, ko ci, ko barci, a kai shi likita mafi kusa a nemi a tura shi CHR in ta kama. Wanda ya soma cewa gara ya mutu, ko yana ji wa kansa ciwo, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, wannan a kai shi ran nan, a kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga inda hannunsa zai kai, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki.