Inuwar Mutum Ma'aunin Hasken Rana Ce

A shekarar 1919 wani likita a birnin Balin na Jamus, mai suna Huldschinsky, ya warkar da yara masu ciwon laushin ƙashi, wanda ke lanƙwasa ƙafafu, ta hanyar haska musu wata fitila ta musamman. Daga baya masana suka gano dalili: fatar ɗan Adam kan sarrafa bitamin D idan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wato UVB, ya sauka a kanta. Hanta da ƙoda ne ke kammala aikin, sa'an nan bitamin ɗin ya taimaki hanji wajen tsotse sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi.

To, yaya ake auna wannan haske? Zafin rana ba ya nuna yawansa. Gilashin taga kan bar ɗumi ya shigo ɗaki, amma ya tare UVB. Haka kuma idan rana ta yi ƙasa, haskenta kan ratsa iska mai yawa, mafi yawan UVB ya salwanta a hanya. Wani bincike na 1988 ya nuna cewa a Boston ta Amurka fata ba ta sarrafa bitamin D daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko da sama ta washe. A 1992 ƙasar Kanada ta ƙirƙiro ma'aunin ƙarfin wannan haske, wanda duniya ta rungume daga baya.

Wanda ba shi da na'ura yana da inuwarsa. Muddin ta fi shi gajarta, kamar daga hantsi zuwa azahar, akwai wadataccen UVB. Da la'asar sakaliya kuwa kaɗan ya rage. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara, kuma hazo da tufafi suna rage abin da ke isa jiki.

Sai dai rana kaɗai ba ta gina ƙashi. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran da ke da wannan ciwo a can sun fi samun sauƙi da kalsiyam a kan bitamin D zalla. Saboda haka yaro na buƙatar wasa a tsakar gida da hantsi, yana kuma buƙatar nono a furarsa.