Ƙwayar Gado Guda Ɗaya Ke Raba Riba Da Asara A Gonar Kwakwar Manja

A garin Gitata, kan hanyar da ta tashi daga Keffi ta nufi kudancin Jihar Kaduna, manomin da ya yi niyyar dasa kwakwar manja yana da zaɓi biyu. Ko dai ya tono 'yan tsiron da suka fito da kansu a gindin wata bishiya mai yawan 'ya'ya, ba tare da ya biya ko kwabo ba, ko kuwa ya sa kuɗinsa ya sayi dashen da aka haɗa irinsa a cibiyar bincike. Su duka biyun kamarsu ɗaya a ido, kuma sai an yi shekara uku ko huɗu, lokacin da bishiya ta soma 'ya'ya, kafin a gane bambancinsu. A wannan lokaci kuwa an riga an kashe kuɗin sharar daji da taki da ƙwadago, ga shi kuma akan ci moriyar gonar kwakwa har kimanin shekara 25.

Abin da ke haddasa wannan bambanci ƙwayar gado ce guda ɗaya tak, daga cikin wani dangi da masana ilimin tsirrai ke kira MADS-box. An raɗa wa dangin wannan suna a 1990, daga haruffan farko na ƙwayoyin gado huɗu da aka ga suna da kama da juna, ɗaya a cikin yis, biyu a cikin tsirrai, ɗaya kuma a jikin ɗan Adam. Aikinsu ya yi kama da na shugaban magina, wanda ba ya ɗaukar bulo da kansa, amma shi ke faɗin inda za a yi ɗaki da inda za a fitar da ƙofa. Su ke umartar sauran ƙwayoyin gado, su ce nan ganyen fure zai fito, nan ɓangaren namiji mai fitar da gari, nan kuma ɓangaren mace da zai zama ɗan itace. A 1991 Enrico Coen na Ingila da Elliot Meyerowitz na Amurka suka bayyana yadda ake wannan rabon aiki. Daga baya aka gano cewa ikon dangin bai tsaya a kan fure ba, domin a 2002 masana a Amurka sun nuna cewa ƙwayar da ke ba tumatir izinin nuna, wadda masu haɗa iri suka daɗe suna amfani da ita wajen samar da tumatir mai jure doguwar tafiya, ita ma daga cikinsu take.

A kwakwar manja, abin da ake magana a kai shi ne ɓawon nan mai tauri da ke kewaye da ƙwallon ciki. Iri uku ne. Akwai dura mai kaurin ɓawo da ƙarancin tsoka, wadda ita ce mafi yawa a kurmi da bakin rafuka. Akwai pisifera wadda ba ta da ɓawo sam, sai dai yawanci 'ya'yanta kan ruɓe kafin su nuna. Sai kuma tenera mai siririn ɓawo da tsoka mai kauri, kuma da yake daga tsokar ake matse manja, takan ba da mai fiye da dura da kimanin kashi 30 cikin 100. Tun a 1941 wasu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Beirnaert da Vanderweyen, da ke aiki a tashar bincike ta Yangambi a Kwango, suka tabbatar da cewa tenera 'yar barbara ce tsakanin dura da pisifera.

To, a nan ne lissafin manomin Gitata ke iya rushewa. Tunda tenera ruwa biyu ce, 'ya'yanta ba sa biyo ta duka. Idan tenera ta yi barbara da tenera, rabin tsiron ne kawai zai zama tenera, rubu'i ya koma dura, rubu'i kuma pisifera. Hekta ɗaya takan ɗauki bishiya 143. Ke nan wanda ya cika gonarsa da tsiron gindin bishiya zai iya wayar gari da bishiya kusan 36 da ba za su ba shi komai ba, da wasu kusan 36 masu ƙarancin mai, alhali dukkansu sun ci taki da wuri daidai da sauran. A yanki irin na Keffi, inda rani ke kai wata biyar, kuma kwakwa ba ta yin kyau sai a fadama da wurare masu riƙe laima, ɓarnatar da irin wannan fili asara ce ninki biyu.

A 2013 Hukumar Kula da Manja ta Malesiya, tare da kamfanin Orion Genomics na Amurka, ta sanar da gano ainihin ƙwayar da ke sarrafa ɓawon, aka sa mata suna SHELL, aka kuma tabbatar cewa 'yar dangin MADS-box ce. Wani abin lura shi ne, ɗaya daga cikin nau'o'i biyu na ƙwayar da binciken ya bayyana an same shi ne a jikin irin da ya fito daga Nijeriya. A 1973 masanan Malesiya sun tattara irin kwakwa a ƙasar nan tare da haɗin gwiwar Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya, wato NIFOR, da ke kusa da birnin Benin. Akan ji ana cewa daga nan Malesiya ta ɗebi kwakwarta baki ɗaya, amma zancen bai cika ba, don tushen gonakin kudu maso gabashin Asiya bishiyoyi huɗu ne da aka dasa a lambun Bogor da ke tsibirin Java a 1848. Abin da suka fi mu da shi ba ya wuce naci wajen tace iri, kuma a yau Indunusiya da Malesiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, yayin da Nijeriya, wadda ke kan gaba a farkon shekarun 1960, take shigo da shi don cike giɓi.

Amfanin binciken ga kasuwanci ya fito fili nan da nan. Yanzu ana iya yankar ɗan guntun ganye daga dashe tun yana cikin leda, a auna shi a ɗakin gwaji, a san ko tenera ne ko a'a kafin a kai shi gona. Da aka gwada wannan dabara a gonakin ƙananan manoma masu zaman kansu a Malesiya, rahoton da aka buga a 2016 ya nuna kusan kashi 11 cikin 100 na bishiyoyin ba tenera ba ne. Idan haka ta faru a ƙasar da ake sa ido sosai kan sayar da iri, mai zuba jari a nan sai ya ƙara yin hattara da dashen da ake tallatawa a bakin hanya ba tare da wata takardar shaida ba.

Hanyar kauce wa matsalar ta hanyar kwafar bishiya mai kyau daga tsokar jikinta a ɗakin gwaji ita ma ta taɓa ba da kunya. A shekarun 1980 an ga wasu daga cikin irin waɗannan bishiyoyi suna fitar da fure mai naƙasa, inda ɓangaren namiji ya rikiɗe ya zama kamar na mace, 'ya'yan kuma suka kasa ba da mai. Sai a 2015 aka gano cewa matsalar tana jikin wata ƙwayar MADS-box ce dabam, mai suna DEFICIENS.

Ga manomi ko ɗan kasuwa a Gitata da Keffi, tambayar da ta kamata ya yi wa mai sayar da dashe ita ce ko an haɗa irin ne da hannu tsakanin uwa dura da uba pisifera, kuma a wace cibiya. Bankunan da ke ba da rancen noma su ma suna da dalilin neman wannan shaida kafin su saki kuɗi, tunda bishiyar da za ta biya bashin ba za ta nuna halinta ba sai bayan shekara huɗu.