Tatsuniya: Inda yaran Hausa suka fara jin labarin maraici

Tun bayan fitowar littafin Harry Potter a Birtaniya a 1997, littattafan almara na yara, masu maraya a matsayin gwarzo, suka samu kasuwa a duniya. Sai dai a garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin jihar Jigawa, kamar sauran ƙasar Hausa, tatsuniya ta daɗe tana wannan aiki da dare, a bakin kakanni.

Marainiya da kishiyar uwa na cikin taurarin da suka fi yawan fitowa. Ta wannan hanya yaron da ya rasa mahaifiya kan ji an ambaci halin da yake ciki ba tare da an nuna shi da yatsa ba, a al'ummar da kunya da kawaici kan hana a zauna da yaro a yi masa zancen mutuwa.

A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ga littafinsa na 1934, 'yar bora ta tarar da Cinya da Kare suna magana kamar mutane. Ba ta yi musu dariya ba, ta yi ladabi, ta koma gida da dukiya. 'Yar mowa da ta raina halittarsu kuwa ta kwashi kashinta a hannu.

Haka nan daji a tatsuniya yana da masu shi. Tsoron iskokin da aka ce suna zaune a kuka da tsamiya, wanda malamai da dama ke ɗauka camfi ne, ya hana gatari taɓa itatuwa masu yawa. Yau buƙatar itacen girki da gawayi ta fi wannan tsoro ƙarfi.

Birnin Kudu na da abin da marubuci zai gina labari a kai: zane-zanen shanu marasa tozo a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950.

Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi domin makarantu a farkon shekarun 1970. Daga baya kasuwar littattafan Hausa ta Kano ta fi karkata ga labaran soyayya na matasa da manya, yara kuma suka koma kallon fina-finan zane na ƙetare a wayoyin iyayensu.