Kafin ka danna "Cut": yadda za ka kwashe gem da fayilolinka zuwa babban rumbu

Idan kana da laftof, to ka san jan layin nan. Ka buɗe "This PC", ka ga sandar da ke ƙarƙashin C ta koma ja, saura giga uku ko huɗu. Daga nan sai kwamfuta ta fara jan ƙafa, bidiyo ya ƙi fita daga manhajar tacewa, gem ya ce ba zai sabunta ba sai ka ba shi wuri. Ni ma na ga wannan jan layin a zangon karatun da ya wuce, kuma yadda na yi maganinsa ya ja min asarar da har yanzu ƙanina yake min gori a kanta.

Laftof ɗina 'yar gwanjo ce mai rumbun ajiya giga 256, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai a jikin soket take rayuwa. Mu biyu muke amfani da ita a gidanmu da ke Babban Giji. Ni ina tara bidiyon hirarrakin da na yi da teloli a Gyadi-Gyadi saboda aikin makaranta, shi kuma yana buga PES 2021. Na sayo rumbun waje mai tera ɗaya, na jona, na zaɓi foldar Documents gaba ɗaya da ta gem, na danna "Cut", na danna "Paste", na fita sallar magariba. Kafin na dawo an ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, rabin fayilolin sun bar laftof, shi kuma sabon rumbun ya ƙi buɗuwa, sai tambayata yake ko ina so a yi masa fomatin. Na ceto wasu bidiyoyin, wasu sai da na koma na roƙi mutane aka sake hira. Ƙanina kuwa kakar wasa shida da ya gina a Master League ta tafi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, ai da ka tambaye ni." Da na sani ƙeya ce. Abin da na koya daga baya shi na kawo maka yau.

Me ya sa wuri yake ƙarewa da wuri?

Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Gem ɗin yanzu ƙattai ne. GTA San Andreas da ya fito a 2004 bai kai giga biyar ba. GTA V, wanda ya zo kwamfuta a 2015, yanzu yana cin wajen giga 100. EA Sports FC 24 yana neman giga 100, Red Dead Redemption 2 kuma giga 150. Sannan rumbun da aka rubuta wa 256 a jiki, Windows za ta nuna maka kusan 238 ne, mai tera ɗaya kuma kusan giga 931. Ba cutarka aka yi ba. Masu ƙerawa suna ƙirga da dubu-dubu, Windows tana ƙirga da 1,024.

Wani zai ce, to ka goge mana, ka sake saukewa daga baya. Da wace datar? Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, sauke giga 100 ya zama babbar shawara ga ɗalibi. Gem ɗin da ke cikin laftof ɗinka dukiya ce, dole ka san yadda za ka ɗauke ta ba ta fashe ba.

Kafin ka biya kuɗin rumbu

Ko Farm Centre ka nufa a nan Tarauni, ko Beirut Road, ka tafi da laftof ɗinka, ka kuma san abin da kake nema. Rumbu iri biyu ne. Akwai HDD, mai faifai a ciki yana juyawa, ya fi araha, yana kwafar kusan mega 100 a daƙiƙa, amma faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi. Akwai SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. Na SATA yana kai wa mega 500 da wani abu, na NVMe kuma yana haura dubu biyu ko uku. Ga gem da Windows, SSD ya fi. Ga tara fina-finai da hotuna, HDD ya wadatar.

Idan na hannu za ka saya, ka jona shi a gaban mai shago ka buɗe CrystalDiskInfo. Manhaja ce ta kyauta da take nuna lafiyar rumbu da adadin sa'o'in da ya yi yana aiki. In ka ga ta rubuta "Caution" da ruwan ɗorawa, ka mayar masa da kayansa cikin mutunci. Idan kuma ka ga ɗan ƙaramin rumbu ko filash an rubuta tera biyu a kuɗin da bai kai na mai giga 128 ba, ka tuna araha ba ta ado. Akwai na bogi da ake yi wa dabara su nuna girman da ba su da shi, sai ka zuba kaya su riƙa shafe na farko da na baya. H2testw tana tona asirinsu, domin cika rumbun take yi sannan ta karanta abin da ta rubuta.

Sai tsarin rumbun. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, shi ya sa wani lokaci za ka ga wuri fal amma fim ya ƙi shiga. Idan a Windows kaɗai za ka yi aiki, ka zaɓi NTFS, domin yana riƙe da bayanin abin da yake yi, ya fi jure ɗaukewar wuta. exFAT yana da amfani idan za ka riƙa jonawa a Mac, amma ba shi da wannan kariyar. Nawa exFAT ne, ka ga inda aka samu matsala. Ka yi wannan zaɓin tun rumbun yana wayam, saboda fomatin yana share komai.

Ƙa'ida ta farko: kwafa, duba, sannan goge

Kada ka yi "Cut" tsakanin rumbu biyu. Windows tana kwafar fayil ta goge na asali ɗaya bayan ɗaya, in aiki ya tsaya a tsakiya, kayanka sun rabu gida biyu, kuma idan sabon rumbun ya lalace babu inda za ka koma. Ka yi "Copy". In an gama, ka danna "Properties" a kan foldar biyu, ka gwada yawan fayiloli da girmansu. Ka buɗe bidiyo biyu-uku, ka ja su har ƙarshe. Ka bar na asalin ya kwana biyu kafin ka goge.

Ka lura da ramin da ka jona. USB 2.0 yana ba da kusan mega 30 a daƙiƙa, wato giga 100 zai ci kusan awa ɗaya, in ƙananan fayiloli ne masu yawa ma ya fi haka. USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, zai iya gama wannan aikin cikin minti 20 ko ƙasa. Idan batirinka irin nawa ne, kada ka fara sai a inda ake da sola ko inbata. Gara ka biya kuɗin zama a shagon da ke da tsayayyar wuta.

Gem ba kamar fim ba ne

Hotuna da fina-finai da takardu, kwafa kawai suke buƙata. Gem da aka girka daban yake. Lokacin girkawa yana rubuta adireshinsa a rajistar Windows da cikin manhajar da ta kawo shi. In ka ɗauke foldar ka kai D, manhajar za ta je tsohon gida ta tarar ba kowa, sai ta ce ka sake saukewa.

Idan a Steam ka saya, an sauƙaƙa maka. Ka shiga "Settings", ka zaɓi "Storage", ka ƙara sabon rumbun, ka yi wa gem ɗin alama, ka danna "Move". Shi ke nan. In ya gama, ka shiga "Properties" na gem ɗin, ƙarƙashin "Installed Files", ka sa ya tantance fayilolin. Abin da ya ɓace kaɗai zai sauke.

Wanda ya zo daga Microsoft Store, ka je "Settings", "Apps", ka nemo shi, sau da yawa za ka ga "Move" a wurin. Ga sauran manhajoji, ka fara duba ko akwai wurin nuna musu inda gem yake. In babu, dabarar da aka saba ita ce: ka kwafi foldar ka ajiye gefe, ka fara girkawa a sabon rumbun, ka dakatar da zarar ya ƙirƙiri folda, ka zuba kwafinka a ciki, ka ce ya ci gaba. Zai duba abin da ya tarar maimakon ya sauke daga farko.

Akwai kuma hanyar 'yan ƙwarewa, umarnin mklink /J. Bayan ka kai foldar sabon wuri, sai ka bar alama a tsohon wurin mai nuna sabon, kamar wanda ya tashi daga gida ya bar wa maƙwabta adireshi. Gem zai ɗauka bai motsa ba. Amma in a rumbun waje ka kai shi, ka tabbata harafinsa bai canza ba. Yau ya zama E, gobe ka jona filash ya koma F, sai komai ya rikice. A "Disk Management" za ka iya ba shi harafi na dindindin.

Mu faɗa wa juna gaskiya: da yawanmu gem ɗinmu a shago aka tura mana, ba saye muka yi ba. Wasu irin waɗannan suna tashi daga duk inda ka ajiye su, wasu sai an sake girkawa. Amma ka sani, bairos mai satar kalmar sirri yana yawan shigowa ta wannan ƙofar. Laftof ɗin da kake shiga banki da imel ɗin makaranta da ita, ka yi tunani sau biyu.

Inda wahalarka take ɓoye

Wannan ne ya ci ƙanina. Ci gaban da ka samu a gem galibi ba ya cikin foldar gem ɗin. Na PES yana Documents, cikin foldar KONAMI. Na GTA V yana Documents, cikin Rockstar Games. Wasu suna ɓoye nasu a AppData, foldar da ba ta fitowa sai ka ce a nuna ɓoyayyun fayiloli, wasu kuma a Saved Games. Yawanci ba su da nauyi. Ka tura su filash ko Google Drive kafin ka taɓa komai. Steam Cloud yana ajiye na wasu gem ɗin, amma ba duka ba.

Idan rumbun ciki za ka canza

Wani so yake ya cire mai 256 ya sa mai tera ɗaya, komai ya dawo yadda yake. Nan sai a kwafe rumbun ɗungurungum, da Windows da manhajoji da gem. Clonezilla kyauta ce, kamfanoni irin su Samsung kuma suna ba da tasu manhajar ga mai SSD ɗinsu. Ka kula da abu huɗu. Ka tabbata wanne ne tushe wanne ne sabo, domin in ka juya su, wayam ɗin ne zai hau kan kayanka. Idan BitLocker yana kunne, ka nemo mabuɗin ceto ka rubuta a takarda. Bayan an gama, in ka ga C bai ƙaru ba, ka shiga "Disk Management" ka faɗaɗa shi zuwa filin da ya rage. Rumbun da ya wuce tera biyu kuma sai da tsarin GPT, domin MBR a tera biyu yake tsayawa. Tsohon rumbun kada ka yi saurin sayarwa. Ka saya masa gida na USB ya zama ma'ajiyarka, in kuma dole ka sayar, ka yi masa cikakken fomatin, ba na gaggawa ba. 'Yan'uwa mata da maza, hotunanku na ciki. Haka in za ku bar laftof a wurin mai gyara, ku kwashe abin da ba ku so a gani.

Masu gidan gem

PS4 tana karɓar rumbun waje tun sabuntawar 4.50 a 2017. Sharaɗin shi ne USB 3.0, daga giga 250 zuwa tera 8, kuma za ta yi masa fomatin, saboda haka kada ka jona wanda hotunan bikin yayarka suke ciki. Gem ne ke komawa can, ci gaban wasa yana nan a cikin na'urar. A PS5 za ka iya ajiye gem ɗinta a rumbun USB, amma ba za ka buga daga can ba sai ka mayar ciki, ko ka sa mata M.2 SSD, wanda Sony ta buɗe wa kowa a 2021.

In ta riga ta faru

Rumbu ya ce a yi masa fomatin? Kada ka yarda. Kada ka zuba masa sabon abu. Ka gwada Recuva ko PhotoRec, ka sauke abin da aka ceto a wani rumbun daban. In kana jin yana ƙas-ƙas, ka cire shi ka kai wa wanda ya iya.

Babban rumbu wuri ne kawai ya ƙara maka, shi ma yana mutuwa. Gem za a iya sake samu ko da tsada. Furojet ɗinka, da hotunan mahaifiyarka, da muryar kakarka da ka ɗauka a waya, babu shagon da za a tura maka su. Irin waɗannan ka ajiye su wuri uku: a laftof, a rumbun waje, da kuma intanet. Ni yanzu duk ranar Juma'a bayan masallaci nake yin nawa, ƙanina yana tsaye a kaina yana tabbatar da cewa foldar KONAMI ce ta fara shiga.