Zaɓen injin ban ruwa

Ƙasar Magariya da ta Dungas suna kudancin jihar Damagaram. Kwarin Korama ya bi ta nan, shi ya sa ruwa ba shi da nisa cikin fadamu. In an gama girbin hatsi, sai mutane su koma garka. Suna noman rake da tumatir da albasa da barkono.

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani. A lokacin, da guga yawancin manoma suke ɗibar ruwa. Yau da yawansu suna da ƙaramin inji mai shan esansi. Injin yana da tsada. Wani sai ya sayar da tumaki kafin ya saya. Saboda haka ba a zaɓensa da gaggawa.

Manomi mai hankali yakan fara auna zurfin rijiyarsa da igiya. Me ya sa? Inji zuƙar ruwa yake yi ta cikin tiyo, kamar yadda yaro yake zuƙa da kara mai rami. In ya zuƙa, iskar da ke bisa rijiya ita ce take danna ruwan ya hau tiyo. To, nauyin iska yana da iyaka. Ba ya iya tura ruwa fiye da mita 10. A wajen aiki ma, mita 7 ko 8 ne iyakar. In ruwa ya fi haka nisa, ko babban inji ba ya jawo shi. Kuma da bazara ake awon, lokacin da ruwa ya ja baya. Wanda ya auna da sanyi kaɗai yana iya ganin tumatir ɗinsa ya bushe a watan Afrilu.

Bayan zurfi, sai girman inji. Mai bakin inci 2 yana fid da kusan lita 600 cikin minti ɗaya. Mai inci 3 yana fid da wajen lita 1000. Mutane suna son babban, amma ƙaramar rijiya ba ta iya ciyar da shi. Nan da nan sai ta ƙafe, inji ya shiga zuƙar iska da yashi. Ga shan mai, ga nauyi wajen ɗora shi bisa jaki ko amalanke. Ga garka ƙarama, mai inci 2 ya isa.

Ana kuma tambayar mai gyara ko ana samun buji da sauran kayan injin a kasuwa kusa.

In ruwa ya yi ƙasa, wasu sukan gina rami kusa da rijiya, su sauke injin ciki don ya matso ruwa. Dabara ce, amma da haɗari. Hayaƙin inji yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana taruwa cikin rami. Ba a shiga rami ko rijiya in inji yana aiki. Ko an kashe shi, sai an jira iska ta kore hayaƙin.