Matatar Iska Mai Mai a Injin Mota: Amfaninta da Illarta

Injin mota ba ya ƙona fetur sai da iska. A ƙiyasi, kowace lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 10,000 kafin ta ƙone sarai. Duk wannan iska sai ta ratsa ta cikin matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina, domin a tace ƙurar da ke cikinta. Idan ƙura ta kuɓuce ta shiga, takan cakuɗu da baƙin mai ta riƙa goge silinda da fistin sannu a hankali, har injin ya soma hayaƙi da shan mai.

Galibin motoci suna fitowa daga kamfani da matata ta takarda, wadda ake jefarwa in ta toshe. Akwai kuma wadda mai mota kan saya daga baya ya sauya. Ita wannan da auduga ake yin ta, a jera ta ninki-ninki tsakanin ragar ƙarfe, sa'an nan a shafa mata wani mai na musamman da ƙura ke mannewa a jikinsa. Kamfanin K&N na Kalifoniya a Amurka ne ya yi fice wajen ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1960, kuma masu tseren babura da na motoci ne suka fara karɓar ta.

Amfaninta na farko shi ne iska ta fi wucewa cikin sauƙi, don haka injin da ake kora da matuƙar gudu yakan ɗan ƙara ƙarfi. Sai dai ƙarin kaɗan ne, direban da ke tafiya ta yau da kullum da wuya ya ji bambanci. Na biyu, ba a jefar da ita. Wanke ta ake yi, a shanya, a sake shafa mai. Kamfanin ya ce takan kai kilomita 80,000 kafin wanki, amma a kan kwalta mai tsabta ke nan.

A nan ne yanayin ƙasa yake shigowa. Motar da ta taso daga Kwanar Ɗangora ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa tana kan babbar hanya, amma da zarar ta ratse zuwa ƙauyukan Kiru ko Bebeji, ko gonakin da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, to ta shiga turɓaya. Da hunturu kuwa ga buji mai laushi kamar gari. Ƙofofin da suka bai wa iska hanya su ne dai ke bai wa irin wannan ƙura, musamman in man da aka shafa ya bushe. Takarda mai kyau ta fi kama ƙura mai laushi. Tsofaffin taraktoci ma suna da matata mai mai, amma tasu kwano ce da iska ke bi ta kan man, kuma akan sauya shi a kai a kai.

Wata matsalar tana wajen shafa man. In ya yi kaɗan, ƙura ta wuce. In ya yi yawa, yakan iya fantsama kan na'urar auna iska da ke motocin zamani marasa kafireto, sai ta riƙa aika wa kwamfutar mota lissafin da ba daidai ba, injin ya kama gargada. Man da sabulun wankinta ba a kowane shagon kayan gyara ake samun su ba, kuma baƙin mai ko fetur ba sa maye gurbinsu. Busa ta da iskar famfon faci, kamar yadda aka saba yi wa ta takarda a gareji, yaga audugar yake yi.