Mutumin Kirki a Ma'aunin Bahaushe

Gina mutum ya wuce karatu da sana'a, ya haɗa da yadda yake riƙe zuciyarsa da yadda yake zama da jama'a. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazari kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya lissafa halaye goma, ciki har da gaskiya, amana, karamci, kunya da haƙuri.

Haƙuri ne ya fi wuyar samuwa, domin sai rai ya ɓaci ake gane mai shi. Ɗan kasuwar da mai saye ya gaya wa baƙar magana, ya haɗiye fushi ya ci gaba da awon hatsinsa, mutuncinsa ya tsare. Yaro kuwa a gida yake fara koyon wannan, yana kallon yadda iyayensa ke warware saɓani, tun kafin a kai shi makaranta.